Digiri Uku

Attayib ya shigo gareji da laka har ƙofar mota,
baƙar lakar Gadarif mai riƙe taya kamar mai bin bashi.
Ya ce, "Usta, motar nan ta koyi ci, ta manta aiki.
Kwana biyu na yi a layin mai.
Jarka huɗu, da ƙyar ta kai ni Doka ta dawo da ni.
Buhun riɗi goma sha biyu kacal,
amma a kwarin nan na bayan gada
sai ta tsaya tana haki, ina taka totur tana ba ni haƙuri."

Usta Mahajub bai tanka ba.
Ya ɗaga bonet, ya kifa tafinsa a kan inji
kamar mai taɓa goshin yaro da zazzaɓi.
Ni ke riƙe da fitila da tsumma,
damina ta biyu ke nan ina hannunsa.

Ya kwance ɗan makunnin da ke tura mai zuwa kan kamshaf,
ya zaro rariyarsa, ba ta kai farce ba,
ta toshe ƙirin kamar an shafe ta da kwalta.
"Yaushe rabonka da juye?"
Attayib ya ɗaga kai yana ƙirga kwanon rufi.
"Ka yi tsimin baƙin mai, ka biya da fetur."

Na wanke ta da kananzir, na hura,
sai da na hango rana ta cikinta.

Sannan aka ɗora kwamfuta mai tsagaggen gilashi
a kan durom ɗin da muke shan shayi.
"Matso, Ƙasimu.
Bawul ƙofa ce, kuma ba faɗinta ne zance ba, lokacinta.
In mota na rarrafe da kaya a baya,
rufe ƙofar da wuri,
kada iskar da ta shigo ta sake shawara ta juya.
Fistan ya tarar da ɗaki cike, ya danne.
Nan ƙarfin ja yake kwana.
In ta miƙe a kwalta, ba nauyi, ba gaggawa,
bar ƙofar shiga da ta fita su ɗan gaisa,
hayaƙi kaɗan ya dawo ya tare gurbi,
ciki ya zaci ya ƙoshi,
ya rage loma."

Ya tura mini kwamfutar da yatsa ɗaya.
Ni kuwa na zaƙe.
Na ce in kaɗan ya yi daɗi, da yawa zai fi,
na kora ta digiri takwas gaba.

Muka loda buhunan yashi, muka nufi kwarin.
A tsakiyar hawa injin ya soma magana,
ƙas, ƙas, ƙas,
tsakuwa a cikin gwangwani.
Attayib ya dube ni. Zufa ta karyo mini har ƙeya.
Usta yana kallon gonar dawa ta taga, ya ce,
"Fetur ɗin bana ba ya son a matsa masa.
Koma uku."

Na koma uku.
Tsakuwar ta yi shiru.
Motar ta dafa ƙasa, ta haye a giya ta biyu
ba tare da ta ɗaga murya ba.

Ran Laraba Attayib ya dawo da kantu a leda,
ya girgiza mana jarka ɗaya, tana amsawa.

Da dare Baba ya sake tayar da zancen gona,
wai gareji ba gado ba ne, wai hannuna ya yi baƙi.
Amsa ta taso mini da zafinta, har ta iso haƙora.
Na riƙe ta.
Ya gama, ya kurɓi ruwa, ya ajiye moɗa,
sannan na buɗe baki.