Baƙon Ƙarfe Uku

Ba ya sallama.
Ƙarfe ukun dare, lokacin da duwatsun Birni
ke amayar da zafin da suka sha da rana,
sai in ji ya zauna mini a ƙirji
kamar wanda ya biya kuɗin haya.
Gabana ya faɗi, ya sake faɗuwa,
ban ji ihu ba, ban ga ɓarawo ba.
Waya ce kawai a gefen tabarma, baki rufe,
kwana arba'in da ɗaya
tun da Laminu ya hau mota zuwa Jado neman zinariya.

Ni baduku ne, ɗan baduku.
Hannun da ke tsaga jar fata siririya kamar gashi,
yau basilla ke rawa a cikinsa.
Na huda alabe inda ba a hudawa,
na huda yatsa, na tsotse, na yi shiru.

A asibiti likita ta ɗaure mini dantse,
ta saurari ƙirjina har na ji kunya.
Ta ce, Malam Kanta, gangar lafiya lau,
makaɗin ne ya firgita.
Shayi kofi nawa a yini?
Na ce uku. Ta dube ni.
Na ce tara.
Ta ce rage, ka dawo ran Litinin mu yi magana.

Daga can na sauka Kasuwar Dole
wajen Ya Gaji mai ganye,
ina neman ƙulli mai ɗaci,
irin wanda in ka sha ka san ka sha magani.
Ba ta ko taɓa buhu ba.
Me ka ci tun safe?
Goro.
Da me?
Da wani goron.
Ta yi tsaki ta ce, cikin da babu komai,
ko inuwarsa kura ce.

Ta miƙo zogale da rassansa, ba tsinkakke ba.
Kai za ka tsinke, ta ce, kada ka ba Baraka.
Ta ƙara ɗoɗɗoya ɗan tafi, na tafasawa bayan lisha,
tsamiya, da citta kamar kan yatsa.
Fura da nono kafin rana ta take,
ƙuli a cikin kwaɗo, kada a yi masa rowa.
Dala ashirin. Ta ƙi karɓar ƙari.

Da la'asar na zauna da faifai a cinya.
Ganye ɗaya, ganye biyu,
ƙananan kamar kunnen ɓera.
Ba a tsinkar zogale da gaggawa.
Can wajen reshe na bakwai
na ji numfashina ya sauko har cibiya,
ya daɗe bai zo nan ba.
Baraka ta leƙo daga madafa
ta yi dariyar da rabona da ita tun watan azumi.

Ba zan yi muku ƙarya ba,
baƙon bai bar gidan ba.
Yana zuwa. Shekaranjiya ma ya zo.
Amma yanzu a bakin ƙofa yake tsugunawa,
ni kuwa in tashi in hura gawayi,
in ɗora ɗoɗɗoya, in jira tururi,
in karanta abin da na haddace tun ina yaro,
in ce masa, na gan ka.

Butar shayi na rataye a ƙusa, tana fushi.
Wayar har yanzu ba ta ce komai ba.

Jiya kiran assalatu ne ya tashe ni,
na zabura, na rasa abin da ya ɓace,
ashe ƙarfe uku ne ya wuce ban sani ba.
Da hantsi na ɗauki basilla,
na ja layi guda a kan koriyar fata,
miƙaƙƙe, babu karkata.
Alabe ne.
Na Laminu.