Matakala Ɗari Shida da Sha Biyu

Malam Natesan ya koya mana lissafi
a wata makaranta can wajen Bukur,
alli a hannu, alli a gira,
Hausarsa na yawan tuntuɓe
amma ban taɓa ganin ta faɗi ba.

Yanzu ni ke kai masa kabeji daga Farin Gada.
Abokan zuwansa duk sun koma gida,
shi ya ce sanyin Jos ya riga ya san ƙashinsa.
In gari ya washe yakan nuna duwatsun Shere da sanda,
ya ce, namu ma haka yake,
sai dai namu yana da ɗakin ibada a ka.

Wai wata baƙar saniya ce ta fara ziyara.
Kullum takan sulale daga garke,
ta dawo da hantsa kamar tsohuwar jaka.
Makiyayi ya bi sawunta har ƙolin dutse,
ya same ta tsaye kan wani mulmulallen dutse
nono na zuba, babu hannun da ya tatsa.
Haushi ya sa ya kai sara da gatari.
Wurin saran ya yi jini.

Na ce, Malam, da saniyar Arɗo Giɗaɗo ce
da maganar ta kai gaban alƙali.
Ya yi dariya har tari ya kama shi.

Sai sarkin da ƙuraje suka hana barci,
ya yi mafarkin tafki a gindin dutsen,
ya shiga da ciwo, ya fito da sabuwar fata,
ya tara magina har suka tsufa a kan aikin.
A jikin bango, in ji Malam, an sassaƙa sunan wata mata
da ta ba da tumaki casa'in
don kada fitila guda ta rasa mai.
Sunan sarkin ruwan sama ya cinye rabi.
Nata yana nan.

An yi shekarar da mayaƙa suka taso,
aka ɓoye abin bautar a rumbun shinkafa,
masu ɓoyewar suka mutu da sirrinsu,
sai jikar wani ta tono shi tana neman tsaba.
Daga baya jirgin ƙasa ya iso,
gari ya cika da masu furanni da wanzamai,
gashin masu alwashi tuli a kwanduna,
da birai, ɓarayin ayaba.

Na ce, wanne ne tarihi, wanne ne tatsuniya?
Ya ce, bango ne tarihi.
Amma ba don bango ake hawa ba.

Ban bi addininsa ba, shi ma bai nema ba.
In ladan ya kira la'asar shi ke cewa,
tashi ka je, dutse ba ya gudu.

Matakalar garinsu ɗari shida ce da sha biyu.
Ta benen gidansa a Rayfield sha biyu ce cif.
Duk watan bikinsu sai ya cire takalmi,
ya hau sau hamsin da ɗaya, a kwana uku ko huɗu,
ni ina ƙasa da gwangwanin madara
ina jefa ƙwayar wake duk hawa ɗaya.

Bana wake talatin da bakwai ne a gwangwani
sa'ad da gwiwa ta ce ta gaji.
Ya zauna a matakala ta bakwai
yana haki, ruwan Agusta na dukan kwano,
ƙamshin turarensa ya cika zauren.
Ya daɗe yana kallon taga.

Can ya ce, Ɗanjuma, saura nawa?
Na ɗaga kai, na motsa leɓe,
na ce, ɗari da sittin da ɗaya.

Ya ce, daidai.
A aji uku ba ka iya wannan ba.