Walƙiya a Akwati

Shekara talatin hannuwana cikin soda,
Dilimi ta sha dauɗarmu, ta yi shiru.
Yau Chundung ta kunna akwatinta a Farin Gada,
ta zuƙe iskar ciki, ta ce: "Baba Tanko, leƙa."

Walƙiya ce aka ɗaure,
shunayya, ba tsawa, ba hadari.
Filazma, in ji ta.
Yadi ya shiga a bushe, ya fito a bushe,
amma da na ɗiga masa rini
sai ya shanye kamar mai buɗa-baki.

Ni da na rantse gyaran yadi sai da ruwa!

Da la'asar na gangara rafi,
na tarar da yaro da fatsa.
Ban ce masa babu kifi ba.