Taswira a Bangon Lakwal

Mushe Ilu ya ba ni bango da jikka biyar,
ya ce in zana masa jahar Maraɗi
kafin yara su dawo hutu.

Daga ƙasa na faro, inda ruwa yake.
Madarunfa na ba ta shuɗi saboda tabki.
Na jawo gulbi daga iyaka, siriri kamar jijiya,
ya gai da birni, ya ratsa Tibiri,
ya bi ta Gidan Rumji ya fice ba sallama.
Agye da Gazawa kore, irin na ganyen gujiya.
Tasawa ja.
Mayahi ruwan ƙasa, Gulbin Kaba kwance a cikinta,
gulbin da sunan ya fi ruwan yawa.
Dakoro ta lashe mini rabin gwangwani.
Bermo sai da na hau tsani,
fenti ya ƙare, na bar ta da farin bango,
na ce shanu su cike sauran.

Gwamma mai tafasa a bakin ƙofa
kwana uku tana kallona, ba ta tanka ba.
Ran na huɗu ta aje kwano, ta matso.
"Wannan baƙin zaren fa, ɗana?"

Na ce iyaka ce, Iya.
Nan Mayahi, nan Dakoro.

Ta yi dariya har ta dafa tsani.
"Gonar mijina tana wannan gefe,
rijiyarmu tana wancan.
Shekara talatin ina ƙetare zarenka da tulu a ka,
ban taɓa tuntuɓe ba."

Sai ta nemi garinsu.
Na buɗe takardar da aka ba ni,
na bi suna suna da ɗan yatsa.
Babu.

Ba ta yi fushi ba.
Ta tsoma yatsa a sauran jan Tasawa,
ta auna da ido, kamar mai saka gishiri a miya,
ta danna a kan zaren, tsakiyarsa.

Da Mushe ya zo duba aiki
ya tsaya a kan ɗigon, ya ce a goge.
Na ce ya bushe, sai dai a ƙara jikka.
Ya ce to, bar shi.

Yanzu yara na rera sunaye takwas da safe,
sanda na bin bango daga tabki zuwa tsani.
In ta zo kan ɗigon sai ta yi tsalle.
Gwamma na jin su daga bakin ƙofa,
tana barbaɗa ƙuli,
tana faɗin na tara a hankali.