Gurbi da Baƙo

A Sendai, ƙarfe biyun dare,
tanderu na huci kamar mai barcin gajiya.
Kanno Mitsue ce ke gadin zafinsa,
kada ya ɗara, kada ya gaza.

A cikinsa akwai ɗan gutsuren ƙarfe,
bai kai ƙwayar wake ba.
Nikel da alminiyam aka narka tare,
suka jeru, ɗaya nan, ɗaya can,
kamar saƙar tabarma, kowa da mazauninsa.

Amma ba jerin take nema ba.
Abin da ya tafi daidai ba shi da labari.
Gurbi take farauta,
inda wata ƙwayar zarra ta tashi ba sallama
ta bar maƙwabta takwas suna kallon wofi.

Ta ɗiga wa ƙarfen baƙo,
ƙwaya ɗaya cikin dubu dubu,
ta zauna tana jira ta ga inda zai sauka.
Wata bakwai ke nan tana jira.

Can ƙasa ta ɗan motsa, kamar yadda ta saba.
Shayi ya yi rawa a kofi,
layin da ke kan allo ya karkace.
Ta dafa tebur, ta ƙirga zuwa goma,
ta share awon daren, ta sake daga fari.

Da asuba lissafi ya fito.
Baƙon bai zauna a tsakiyar masu gida ba.
Ya yi ta ratsawa, ɗaki bayan ɗaki,
har ya iske gurbi, ya raɓa, ya tsaya.
Ta ƙara wuta, suka rabu.
Ta rage, ya koma.

Ta rubuta adadin da fensir,
ta tura wa Farfesa Onodera,
wanda zai ce a maimaita sau uku.

A jirgin ƙasa na farko ta koma gida.
Mahaifinta ya riga ya dafa shinkafa.
Kwano uku ya jera, kamar kullum,
shekara huɗu bayan an daina buƙatar na ukun.

Yaron maƙwabta, Sōta,
da uwarsa ke aikin dare a asibiti,
ya shigo da jakar makaranta, bai ce komai ba.
Bai hau matashin da babu kowa a kai ba.
Gefensa ya zauna.

Mitsue ta tsaya a ƙofa, takalmi ɗaya a hannu.
Tsohon ya ce, shigo mana, miya na hucewa.