Sandar Awon Babana

Shekara talatin da ɗaya babana Sagindik
yana sauka bakin ruwa kafin gari ya waye,
littafi a hammata, fensir a bayan kunne.
Akwai sandar ƙarfe kafe a gindin gadar jiragen Bautino,
ita yake fara gaisarwa, sannan mu.

Ina ƙarama na tambaye shi:
Kaspiyan ɗin nan, teku ne ko tafki?
Ya kamfato a tafin hannu, ya ce, ɗanɗana.
Gishiri ne, amma mai kunya,
irin na romon da ake yi wa majinyaci.
Ya ce, teku yana da dangi, yana kai musu ziyara.
Wannan maraya ne a cikin kwari,
kansa bai kai kafaɗar kowane teku ba,
ƙofar shiga gare shi, ba shi da ta fita.

Volga na zuwa daga arewa niƙi-niƙi da kaya,
Ural na biye da ita,
Kura na gangarowa daga duwatsu,
wanda ya shiga kuwa, ya shiga ke nan.
Rana kaɗai ke karɓar haraji.
A Kara-Bogaz take zama,
ta lashe ruwan, ta bar farin ɓawo.

Arewa faranti ce, in ji shi,
doguwar gora ta isa ta taɓo ƙasa.
Da sanyi ta daskare,
karnukan ruwa masu idon jarirai
su haifi fararen 'ya'ya a kan ƙanƙara.
Kudu kuwa rijiya.
Jefa dutse, je ki sha shayi ki dawo,
yana nan yana tafiya.

Ƙasashe biyar na hararar juna ta kansa,
kowacce da yadda take kiran sunansa.
Bai taɓa amsa ko ɗaya ba.

Yanzu idon baba ya tafi, littafin yana hannuna.
Sandar na tsaye cikin busasshen taɓo
kamar baƙon da aka manta a zaure.
Jirgin maƙwabcinmu Kuanish ya kwanta a gefe guda,
awaki na shan inuwarsa.
Daga sanda zuwa ruwa, jiya na ƙirga,
taku ɗari huɗu da sha biyu.
Babu gurbin rubuta taku a littafin.

Kullum in na dawo sai ya ce, nawa?
Sai in faɗi lambar wata tsohuwar shekara.

Yau ya miƙo hannu ya shafa ƙafar wandona.
A bushe take, Tolganai.
Na yi shiru. Butar shayi na ta kuka.
Ya ce, rubuta abin da kika gani.
Ya taɓa yin yaji ina saurayi,
ya dawo har ya ci gidajen mutane.

Haka ya faɗa.
Amma fuskarsa tana wajen taga,
yana sauraron abin da ba ya isowa nan kuma.