Cibiyar Tulu

A Murano, ranar da ruwa ya hau dakali,
na kai wa tsoho Ermanno tulun furen gwaggona,
na ƙarau, kore shar kamar gansakuka,
naɗe cikin rigar sanyin da ta bari.
Ba suna a gindinsa. Ba hatimi, ba lamba.

Ko tabarau bai sa ba.
Ya kife shi a cinya,
ya bi cibiyar da babban yatsa,
wurin da aka tsinke shi daga sandar ƙarfe
tun yana ja.
"Ba a goge ta ba," ya ce. "Sauri ake yi."

Ya ɗalli bakin da farce.
Muka yi tsit har ƙarar ta mutu.

"Dubi murɗin nan, hagu ya nufa.
Bahagwai biyu na sani a tanderun bakin gada:
Gildo, da yaron da ke riƙe masa bututu.
Gildo ba ya barin kumfa.
Wannan kuwa har uku."

To yaron fa, wane ne?

Ya ɗage kafaɗa.
Ragowar narki ne, na bayan an tashi aiki,
wanda yara ke hurawa a ɓoye
su kai wa wadda suke so.
Irin wannan ba a sa masa suna,
maigida zai gani.

"Gwaggon taki, Orsola ce?"
Ni kuwa ban faɗi sunanta ba.

Ya daɗe yana duban kumfar nan uku,
sannan ya miƙo mini tulun
da hannun hagu.